Mahaƙan ƙarƙashin teku: jatan landen da Kamaru ta samo suna a wurinsa

A shekarar 1472 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kutsa bakin kogin Wuri, wurin da birnin Duwala yake a yau. Sun tarar da ruwan cike maƙil da wasu halittu masu kama da jatan lande, sai suka raɗa wa wurin suna Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Sunan ya bi ta bakin Turawan Ingila, ya bi ta na Jamus da suka kafa mulkinsu a 1884, ya bi ta na Faransa, har ya iso kunnen Bahaushe a matsayin Kamaru. Masana da yawa sun tafi a kan cewa dabbar da matuƙan jiragen nan suka gani ita ce wadda littattafan kimiyya ke kira Lepidophthalmus turneranus. In haka ne, to sa'a suka taka, domin a yawancin shekaru mutum zai yi wata guda a bakin kogin bai sa ta a ido ba.

Cikin laka take zaune, a ramin da ta haƙa wa kanta. Ana samun ta daga gaɓar Togo har Kwango, a tafkunan bakin teku da mashigar koguna, har da wuraren da ruwan ya kusa rabuwa da gishiri. Babbarta takan kai santimita 14. Sai bayan shekara uku zuwa biyar su yi fitar farin ɗango daga ramukansu, su cika kogin na 'yan kwanaki, sannan su ɓace. Mutanen Duwala suna kiran ta mbeatoe, kuma fitowarta biki ce a wurinsu. Ana shiga ruwa da kwanduna, wani ma da hannu yake kwasa. A dafa wasu nan take, a busar da saura don miya. Macen ake ci gaba ɗayanta. Namijin an ce yana sa ƙaiƙayin maƙogwaro, don haka matse shi ake yi a fitar da mai.

Wani attajirin birnin Manchester mai sha'awar halittu, James Aspinall Turner, shi ya miƙa samfurinta ga gidan tarihin Birtaniya, kuma a 1861 Adam White ya bayyana ta da sunan Callianassa turnerana. Tun daga lokacin, a tsarin sunayen kimiyya, an sauya mata gida, an sauya mata dangi. Wannan sauye-sauyen suna ba rashin aikin yi ne ya kawo shi ba. Rayuwar rami ce ta ƙera jikin dabbar da 'yan'uwanta, ta kuma mai da su masu kama da juna har suka shafe sama da shekara ɗari suna ruɗa masana.

Jikin da rami ya ƙera

Duk da ana ce musu jatan lande, ba su cikin ainihin jatan landen da ake busarwa a daka a zuba a miya. Sun fi kusa da ƙaguwa da lobsta. Dukkansu dai suna cikin babban rukunin Decapoda, masu ƙafa goma. Turawan Ingila suna ce musu jatan landen fatalwa saboda hasken jikinsu. Mu a nan bari mu kira su jatan landen rami.

Ɗora guda a tafin hannu ka duba. Abin da za ka fara ji shi ne laushi. Ƙaguwa tana da ɓawo mai tauri domin a fili take yawo, maƙiya na ganin ta. Wannan kuwa bangon rami ne kariyarta, shi ya sa ɓawonta bai tara sinadarin kalsiyam sosai ba. Fari ne, ko ruwan hoda, kuma yana da sharara har ana hango kayan ciki. In mace ce mai shirin yin ƙwai, za ka ga ƙwayayen ja ko ruwan lemo suna haskowa ta bayanta. In ka ajiye ta a kan yashi a fili, sai ta yi ta ja da jiki ba kuzari, har sai ta samu inda za ta nutsa.

Ɓawon da ya rufe kai da ƙirji gajere ne, kuma a kowane gefensa akwai wani siririn layi da ya tashi daga gaba zuwa baya, wanda masana ke kira linea thalassinica. A nan ɓawon yake lanƙwasawa, ya ba murfin gaɓoɓin numfashi damar buɗewa da rufewa don a wanke lakar da ta maƙale. Tsinin goshi, wanda a jatan landen kasuwa yake da tsawo da haƙora, a nan ɗan mitsitsi ne, domin dogon tsini cikas ne ga mai juyi a matsattsen wuri. Na Kamaru yana da haƙora uku ko biyar a wannan tsinin, kuma yana cikin alamomin gane shi. Idanu kuma sun ƙanƙance. Sandunan da ke ɗauke da su sun baje sun manne da juna, ƙwayar idon ɗigo ce kawai a kansu. Dogayen gashin baki biyu-biyu da ƙananan gasun da suka rufe ƙafafu su ne ke kawo mata labarin abin da ke kewaye da ita.

Ƙafafun nan goma, kowane biyu da aikinsu. Na farko su ne manyan awartaki, kuma ba su zo daidai ba, ɗaya ya fi ɗaya girma nesa ba kusa ba. A nau'in Neotrypaea californiensis na gaɓar yammacin Amurka, babban awartakin namiji yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa duka. Da shi yake faɗa da sauran maza. Na biyu ma awartaki ne, ƙanana, masu gashi, su ke sassaƙar laka. A riƙe wannan ƙafa ta biyu da kyau, za mu dawo kanta. Na uku sun faɗaɗa sun baje a wajen ƙarshe, da su take ture ƙasa ta kuma shafe bango. Na huɗu su take tokarewa da su. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya ga mai haƙa yana sauka, ya tokare ƙafa ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan, ya ga yadda dabbar nan ke tafiya a raminta. Na biyar sirara ne masu lanƙwasa ta ko'ina, su ne na tsabta, har cikin ɗakin numfashi take zura su tana goge datti.

A gaban baki akwai wasu gaɓoɓi biyu masu faɗi da gashi. Su ne ke haɗuwa da ƙananan awartakin su rungumo laka, dabbar ta ɗauke ta zuwa bakin rami ko wani lungu ta zubar. Da su kuma take tace abinci, domin yawancin nau'o'in lakar suke bi suna tsintar ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke cikinta. Siffar waɗannan gaɓoɓin baki na cikin manyan abubuwan da masana ke dubawa in za su raba dangi da dangi.

Bayan ƙirji sai dogon jiki mai gaɓa shida, wanda ya fi sashen gaba tsawo. A ƙarƙashinsa akwai filafilai. Biyun farko ƙanana ne, sun shafi haihuwa, kuma siffarsu ta bambanta tsakanin mace da namiji. Na uku zuwa na biyar su ne masu faɗi, su take kaɗawa a jere ruwa ya riƙa gudana cikin ramin. Mace tana maƙale ƙwayayenta a jikin filafilan har su ƙyanƙyashe. Wutsiya kuma takan baje ta toshe faɗin rami, ta yadda ruwan da aka tura ba zai komo baya ba.

Numfashi a inda ba iska

Ramin ba miƙaƙƙen bututu ba ne. Yana da rassa, da baki ɗaya ko fiye, da wasu kumburarrun wurare nan da can inda dabbar ke juyawa, tunda faɗin hanyar daidai jikinta yake. Na Kalifoniya, wato Neotrypaea californiensis, yakan nutsa kimanin santimita 75. Callichirus major na gaɓar gabashin Amurka yakan wuce mita biyu, kuma yana dunƙula laka ƙanana-ƙanana yana jera su a bango don kada yashi ya rufta.

An daɗe ba a san siffar waɗannan ramuka ba, domin da ka sa shebur sai su rushe. A shekarun 1960 masu bincike irin su Eugene Shinn, wanda ya yi aiki a Florida da tsibiran Bahamas, suka fara ɗura ruwan roba mai daskarewa a bakin ramin, su bari ya sandare, sannan su tono shi gaba ɗaya. Abin da ya fito ya nuna cewa ƙasan tekun da ake gani shafal a sama, a ciki duk hanyoyi ne.

Matsalar zama a irin wannan wuri ita ce iska. Laka mai zurfi ba ta da oksijin, kuma in teku ya janye, ruwan da ya rage a ramin tsayawa yake yi na sa'o'i. Jinin dabbar yana ɗauke da sinadarin tagulla a maimakon ƙarfen da ke cikin namu, kuma yana da ƙarfin kama ɗan oksijin ɗin da ya saura. In ma ya ƙare ƙaf, tana iya rage aikin jikinta ta jira. A gwajin da aka buga a 1969, na Kalifoniya ya rayu kusan kwana shida a ruwan da ba oksijin ko kaɗan.

Ramin kuma ba nata ba ne ita kaɗai. George MacGinitie, wanda ya yi nazarin wannan nau'i a Kalifoniya ya buga sakamakonsa a 1934, ya lissafa baƙin da ke raɓe a ciki: wani ɗan kifi, ƙananan ƙaguwoyi, tsutsotsi, da wata halitta mai ɓawo biyu da ke binne kanta a gefe ta zuro bakinta cikin ramin tana shan ruwan da mai gida ya kaɗo.

Rigimar dangi

Tarihin sunayen ya faro ne daga gaɓar Devon a kudancin Ingila, inda George Montagu ya tono guda ya bayyana ta a 1808. A 1814 William Elford Leach ya buɗe mata gida na kanta, Callianassa. A 1852 Ba'amurke James Dwight Dana ya kafa dangin Callianassidae. Su kuma duk masu haƙa rami irin wannan aka tattara su a rukuni guda, Thalassinidea. Dalilin a fili yake: duk jikinsu da laushi, duk dogaye ne, duk idanunsu ƙanana.

Shakka ta fara shigowa ta wajen 'ya'yansu. A 1938 Robert Gurney ya lura cewa sababbin ƙyanƙyasa, waɗanda ke yawo a ruwa kafin su sauka ƙasa, sun kasu iri biyu da ba su yi kama da juna ba. Hujja ce mai ƙarfi, domin ɗan da bai fara haƙa ba, rami bai riga ya sauya masa siffa ba. A 1979 wata masaniya 'yar Faransa, Michèle de Saint Laurent, ta raba rukunin biyu, Axiidea da Gebiidea, kuma babbar alamar da ta riƙe ita ce ƙafa ta biyu da muka ambata. A Axiidea, inda jatan landen rami suke, cikakken awartaki ce. A Gebiidea ba haka take ba. A Gebiidea ɗin ne ake samun dangin Upogebiidae, masu tace abinci daga ruwa, da Thalassina, mai tara tudun laka da kan kai tsayin mutum a dazuzzukan bakin teku na Asiya. Da yawa ba su bi ta ba a lokacin. Sai da aka shekara talatin, binciken DNA da aka buga a 2009 ya nuna cewa rukunan biyu asalinsu daban ne, kowanne da kansa ya shiga rami ya fito da siffa iri ɗaya. A ganina wannan mata ta cancanci a riƙa ambaton ta fiye da yadda ake yi, domin da idonta da madubin ƙara girma ta hango abin da sai daga baya na'ura ta tabbatar.

A cikin dangin Callianassidae kansa ma an sha fama. Shekara da shekaru, duk wadda aka tono sai a jefa ta gidan Callianassa, har gidan ya cika da nau'o'in da ba abin da ya haɗa su sai zaman rami. A 1991 Raymond Manning na cibiyar Smithsonian da Darryl Felder na Louisiana suka sake duba na nahiyar Amurka, suka buɗe sababbin gidaje, ciki har da Neotrypaea. Katsushi Sakai na Japan ya fitar da nasa tsarin a manyan littattafai a 1999 da 2005 da 2011, kuma abokan aikinsa da dama sun ƙi amincewa da yawancin rabe-rabensa. Aka wayi gari dabba ɗaya tana da suna biyu ko uku, ya danganta da littafin da ka buɗe.

A 2019 masana biyar, Gary Poore na gidan tarihin Victoria a Ostiraliya, Peter Dworschak na Vienna, Rafael Robles, Fernando Mantelatto da Felder, suka haɗa hujjar DNA da ta siffar jiki suka fitar da sabon tsari mai dangi bakwai: Callianassidae, Callichiridae, Eucalliacidae, Ctenochelidae, Callianopsidae, Anacalliacidae da Paracalliacidae. Na Kamaru ya koma Callichiridae, tare da Callichirus major. Na Devon da na Kalifoniya suka zauna a tsohon dangin. Bambancin yana ɓoye ne a ƙananan wurare: faɗin gaɓoɓin baki, siffar filafilan farko na namiji, yanayin wutsiya. Wasu kuwa ko yaro zai gane su, kamar Ctenocheles mai dogayen yatsu sirara jere da haƙora.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne ruwan talaka da sunan Latin? Ruwansa shi ne, duk dokar kamun kifi, duk rahoton illar malalar mai a bakin teku, da suna ake rubuta shi. In an ɗauki nau'i biyu a matsayin ɗaya, ɗayan zai iya ƙarewa ba wanda ya lura.

Sawunsu a cikin dutse

Jiki mai laushi ba ya daɗewa bayan mutuwa. Abin da ke saura a duwatsu galibi awartaki ne, sai kuma ramukan kansu, waɗanda yashi ya cike suka daskare. Mai bango gurji-gurji irin na Callichirus ana kiran sa Ophiomorpha, mai santsin bango da rassa kuma Thalassinoides. Masu neman man fetur suna murna da ganin su a dutsen da aka haƙo, domin suna nuna cewa wurin ya taɓa zama bakin teku ko ruwa marar zurfi, kuma irin wannan yashin ne ke riƙe mai.

A Najeriya an samu Ophiomorpha a duwatsun yashi na Ajali a yankin Anambra, an kuma samu Thalassinoides a duwatsun Gombe, waɗanda suka kwanta kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da ruwan teku ke shigowa ta kwarin Binuwai. Ba kowane rami irin wannan ne za a rantse cewa wannan dangi ya haƙa ba, amma ga irin waɗannan halittu masu ƙafa goma ake danganta yawancinsu.

Tsakaninsu da mutane

Dabbar da ke kwashe laka dare da rana tana sauya wurin da take. Tana shigar da iska cikin ƙasa, tana hanzarta ruɓewar datti, tana kuma binne duk wani abu da ba ya iya motsi. A tsibirin Enewetak na tekun Pasifik, inda Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya daga 1948 zuwa 1958, an gano cewa jatan landen rami na tono gurɓataccen yashin da ya binnu suna dawo da shi sama. A Ostiraliya da Afirka ta Kudu masunta na zuƙo su da famfon hannu su sa a ƙugiya. A mashigar Puget ta jihar Washington, wasu manyan dabbobin teku da ake kira wel sukan ratse daga hanyarsu ta ƙaura duk shekara, su shigo ruwa marar zurfi su zuƙi laka don cin su.

A wannan jihar ce kuma aka yi rikici mafi zafi a kansu. Mashigar Willapa da ta Grays Harbor cibiyoyi ne na kiwon kawa, dabbar nan mai ɓawo biyu da Turawa ke ci da tsada. Ana baza ta ne a kan laka ta girma. Inda jatan landen rami suka yi yawa, ƙasa takan yi taushi, kawar ta nutse ta shaƙe ta mutu. Tun farkon shekarun 1960 masu kiwo ke fesa maganin ƙwari mai suna carbaryl a kan lakar in ruwa ya janye, har aka daina a 2013 bayan matsin lambar masu kare muhalli. Suka nemi izinin wani maganin, imidacloprid. An ba su a 2015, jama'a suka yi caa, aka janye cikin makonni. Suka sake nema, kuma a 2018 hukumar kula da muhalli ta jihar ta ƙi, bisa dalilin cewa maganin na kashe sauran ƙananan halittun laka, yana kuma bin ruwa ya wuce inda aka fesa shi.

Kukan masu kiwon gaskiya ne. Akwai iyalan da suka gaji sana'ar tun kakanni, kuma suna kallon filayensu na lalacewa. Sai dai jatan landen ramin ɗan asalin wurin ne, kawar da aka fi kiwo kuwa daga Japan aka kawo ta. Ɗan'uwansa na dangin Upogebiidae da ke zaune a wannan gaɓa ya riga ya ragu ƙwarai, sanadin wani ƙwaro daga Asiya da ke shiga ɗakin numfashinsa ya sha jininsa ya hana shi haihuwa. Zuba guba a kan wanda ya saura, alhali kifaye da tsuntsaye da wel suna cin sa, kasada ce da ribar kawa ba za ta biya ba. Hukumar ta yi daidai da ta ƙi. Abin da ya rage wa gwamnatin jihar shi ne ta sa kuɗi ta tallafa wa masu kiwon su ɗaga kawarsu sama da laka, a kan igiyoyi da jakunkunan raga, kamar yadda wasunsu suka riga suka fara.